Shin in ajiye aiki in rungumi sana'ar da raina yake so?

Tambaya: Malam, na daɗe ina aikin albashi, amma hankalina duk yana kan ɗaukar hoto. Duk wanda ya ga aikina sai ya yaba, kuma kullum ina jin ana cewa wanda ya bi abin da ransa yake so shi ke yin nasara a kasuwanci. Shin in ajiye aiki in rungumi wannan sana'a? Idan eh ne, ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ajiye aikin tukuna, kada kuma ka binne sha'awar. Son abu yana da amfani babba a kasuwanci, domin shi ne ke riƙe mutum a shekarun farko, lokacin da wahala ta fi riba yawa, shi ne kuma ke sa ka ci gaba da gyara aikinka bayan wasu sun ce ya isa haka. Amma akwai tambayoyi uku da so ba ya iya amsawa: ko akwai wanda zai biya, ko abin da zai biya ya wuce abin da ka kashe, da ko kuɗin zai shigo kafin naka ya ƙare. Waɗannan sai gwaji da lissafi, kuma kana iya yin duka biyun albashinka na shigowa.

Maganar nan ta "bi abin da kake so" ta ƙara yaɗuwa bayan jawabin da Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, ya yi wa ɗaliban Jami'ar Stanford a 2005, inda ya ce musu su nemo abin da suke ƙauna, kada su haƙura da abin da bai kai ba. Magana ce mai kyau, amma a lura da bakin da ta fito. Wanda ya yi nasara ake gayyata ya yi jawabi. Dubban da suka so sana'arsu kamar ransu amma jari ya karye, ba wanda ya miƙa musu lasifika. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun daɗe suna nuna abu kusan iri ɗaya: cikin sababbin wuraren kasuwanci, kusan ɗaya cikin biyar yana rufewa a shekarar farko, wajen rabi ba sa wuce shekara 5, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke kai shekara 10. Da wuya a ce rashin so ne ya rufe yawancinsu.

Shi kansa son ba iri ɗaya ba ne. Masanin halayyar ɗan'adam Robert Vallerand na ƙasar Kanada da abokan aikinsa sun raba shi gida biyu a binciken da suka fitar a 2003. Akwai son da yake zaune lafiya da sauran rayuwar mutum: yana yin abin don yana jin daɗinsa, yana kuma iya ajiye shi ya yi barci ko ya zauna da iyali. Akwai kuma son da ya mallake mai shi, har ya zama darajarsa a idon kansa ta rataya a kan abin. Na biyun ne mai haɗari a kasuwa. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Mai irin wannan son, idan abokin ciniki ya kushe aikinsa sai ya ji kamar shi aka zaga, idan lissafi ya nuna asara sai ya rufe littafin ya ƙara zuba kuɗi. Ka gwada kanka da wannan: in wani ya ce hotonka bai yi masa ba, kana iya tambayarsa dalili har ka rubuta amsar, ko kuwa kwana kake yi da ɓacin rai?

Abu na gaba da ya kamata ka gane tun kana cikin inuwar albashi shi ne cewa abin da kake so daban, kasuwancin da za a gina a kansa daban. Kai ɗaukar hoto kake so. Amma mai sana'ar hoto, kaso kaɗan na ranarsa ne kyamara ke hannunsa. Sauran lokacin yana tafiya ne a neman aiki, amsa saƙonni, daidaita farashi, zirga-zirga, tace hotuna a gaban kwamfuta, adana su, bin bashi, da rarrashin wanda ransa ya ɓaci. Haka abin yake ga tela, da kafinta, da mai rubuta manhaja. Kuma akwai wani canji da ba a cika faɗa ba: yanzu abin da ka ga dama kake ɗauka, a lokacin da ka ga dama. Ranar da ya zama sana'a, abin da mai kuɗi yake so za ka ɗauka, yadda yake so, ko da salon bai kwanta maka ba, kuma sau ɗari. Don haka a ayyuka goma na farko da za ka yi na kuɗi, ka riƙe takarda ka rubuta kowace awa da inda ta tafi. In ka duba ka ga za ka iya jure awannin da ba na kyamara ba, ka tsallake shinge na farko. In kuwa ka tsane su, ko dai ka nemi abokin tarayya da ya iya su, ko ka bar abin a matsayin sana'ar gefe. Wannan ba gazawa ba ce ko kaɗan.

Yanzu batun yabo. Ka ce kowa yana yaba aikinka, na kuma yarda. Amma yabo kyauta ne, kuma 'yan'uwa da abokai ba za su so su karya maka gwiwa ba. Shaidar da za ka dogara da ita ita ce baƙon da bai san ka ba ya ciro kuɗi ya biya cikakken farashi, sannan ya dawo, ko ya turo wani. Ka ba kanka kwana 90, da yamma da ranakun hutu, da nufin samun ayyuka 10 zuwa 15 na kuɗi daga mutanen da ba danginka ba. Kada ka fito da sunan "ina ɗaukar kowane irin hoto". Ka zaɓi mutane iri ɗaya masu buƙata iri ɗaya, misali ƙananan 'yan kasuwa da ke sayar da kaya a intanet suna neman hoton haja mai tsabta, ko masu ba da hayar gidaje. Dalilin taƙaitawar shi ne irin waɗannan mutane sun san juna, aikinsu yana maimaituwa, kuma hoton yana kawo musu kuɗi, saboda haka ba sa ganin biyan a matsayin almubazzaranci.

Idan ka zauna da irinsu, kada ka tambaye su ko za su so aikinka, domin kowa zai ce eh don kunya. Ka tambaye su abin da ya riga ya faru: yaushe rabon da su biya wani ya ɗauka musu hoto, nawa suka biya, me ya ɓata musu rai a aikin, kwana nawa suka jira. Wanda bai taɓa kashe ko sisi a kan matsalar ba, da wuya ya fara a kanka. Wanda ya kashe kuma yana ƙorafi, shi ne naka.

Lissafi shi ne inda masu bin sha'awa suka fi faɗuwa, don haka zan daɗe a nan. Zan yi amfani da lambobi zalla, ka sa naka kuɗin a gurbinsu. A ce kana karɓar 100 a kowane aiki. A cikinsa kana kashe 40 kan abubuwan da ba sa fita sai an yi aikin: mota, wanke hoto, ladan yaron da ya riƙe maka fitila. Saura 60. Wannan 60 ɗin ba riba ba ce, da ita za a biya kuɗaɗen da ke fita kowane wata ko an yi aiki ko ba a yi ba. A ce haya da wuta da intanet da kuɗin manhajar tace hoto sun kama 400. Sai tsufan kayan aiki, wanda kusan kowa ke mantawa da shi: in kyamara da gilasanta da kwamfuta sun ci 7,200 kuma shekara 3 za su yi kafin a sauya su, to 200 suke ci duk wata, ko da ba ka ga kuɗin yana fita daga aljihunka ba. Jimilla 600. Sai albashinka, wato abin da gidanka ke buƙata, a ce 1,200. Duka 1,800 ke nan. Raba 1,800 da 60, ka samu 30. Sai ka yi aiki 30 a wata kafin ka tashi ba riba ba asara.

Sai ka dawo ga takardar awannin nan. In kowane aiki yana cin awa 3 na ɗauka, awa 5 na tacewa, awa 2 na magana da zirga-zirga, awa 10 ke nan. Aiki 30 zai ci awa 300 a wata, wato awa 10 kullum babu ranar hutu, babu ciwo, babu lokacin neman sabon aiki. Wannan kasuwancin ya mutu tun a takarda, komai yawan masu zuwa, kuma ƙara ƙwazo ba zai tashe shi ba. Mafita uku ce: a ɗaga farashi, a rage awannin kowane aiki, ko a rage kuɗin wata. Duba abin da farashi ke yi. In ka mai da shi 130, abin da ke saura ya zama 90, sai aiki 20 ya wadatar, awa 200 a wata. Juya shi kuma: in ka yi ragin 10 kacal daga 100 don kunya ko don neman suna, saura ya koma 50, sai ka yi aiki 36. Ragin kashi 10 a farashi ya ƙara maka kashi 20 na wahala. Wanda yake son aikinsa yakan ji nauyin karɓar kuɗi a kan abin da da ma zai yi kyauta, shi ya sa yake karya farashi. Ka tsayar da farashi daga lissafi, ka faɗe shi a fili, ka yi shiru. In dole sai an rage, a rage aikin tare da kuɗin: hotuna kaɗan, awanni kaɗan.

Wani kuskuren lissafi ƙarami amma mai cin mutane: in abu ya ci maka 100 ka ɗora 25 ka sayar 125, ribarka kashi 20 ce cikin ɗari na kuɗin da ya shigo, ba 25 ba. In ka yi wa wani ragin kashi 20 a kan 125 ɗin, ka koma 100 cif, ka yi aikin banza.

Bayan riba sai kuɗi a hannu, kuma su biyun ba abu ɗaya ba ne. Kana iya samun riba a littafi ka rasa kuɗin haya, domin kamfanin da ka yi wa babban aiki sai bayan kwana 60 zai biya, alhali kai ka biya mota da mataimaki a ranar aikin. Da yawan ƙananan sana'o'i a watan da aiki ya fi yawa suke shiga matsi, saboda kowane sabon aiki yana fitar da kuɗi kafin ya shigo da shi. Maganinsa shi ne kafin alƙalami: ka karɓi kashi 30 zuwa 50 kafin ka tsayar wa mutum rana, sauran kuma kafin ka miƙa cikakken aiki. Ka rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: me za a yi, hotuna nawa, yaushe za a miƙa, gyara sau nawa ne a cikin kuɗin, me zai faru in an ɗaga rana ko an fasa, kuma wa ke da ikon amfani da hotunan a ina. Gyara marar iyaka shi ke mai da aikin awa 10 ya zama na awa 25. Ka sa sau biyu, na uku da kuɗinsa.

Ka buɗe wa sana'ar asusunta daban tun daga aiki na farko. Duk abin da ya shigo can zai shiga, kai kuma ka yanka wa kanka albashi tsayayye a wata. In aljihun gida da na sana'a suka haɗu, uwar kuɗi ake ci ana zaton riba ce, kuma ba a ganewa sai ranar da kyamara ta lalace babu na sauyawa. Ka riƙa ware kason haraji da kason tsufan kaya daga kowane biya. Ka kuma binciki dokar rajista da haraji ta inda kake zaune kafin harka ta girma, don sharuɗɗan sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A sana'arka musamman, ka ajiye hotunan mutane a wuri biyu aƙalla, ɗaya ba a ɗakin da kake aiki ba. Taron da aka yi aka gama ba a sake shi, kuma ɓatan hotunansa sau ɗaya ya isa ya zubar da sunan shekaru.

Game da riƙe aiki ana gina sana'a, kada ka ɗauka alamar tsoro ce. Phil Knight ɗan tsere ne mai matuƙar son gudu. Shi da kocinsa Bill Bowerman sun kafa kamfanin Blue Ribbon Sports a 1964, kowannensu ya sa dala 500, suna shigo da takalman gudu daga Japan, Knight yana sayarwa daga bayan motarsa a wuraren gasa. Duk da haka ya ci gaba da aikin akanta, bai koma kamfanin gaba ɗaya ba sai wajen 1969, sunan Nike kuwa, wanda aka san kamfanin da shi yau, sai 1971 ya zo. Wani bincike da Joseph Raffiee da Jie Feng suka wallafa a 2014, wanda ya bi sawun dubban Amurkawa, ya gano cewa waɗanda suka fara kasuwanci suna riƙe da aikinsu kafin su koma gaba ɗaya, haɗarin rushewarsu ya yi ƙasa da kusan kashi 33 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda suka yi tsalle kai tsaye. Dalilin a fili yake: sun yi kura-kuransu na farko lokacin da kuskure bai hana tukunya tafasa ba, kuma ba su karɓi aikin asara don matsin haya ba. In kuma kana jin shekaru sun ja, ka kwantar da hankali. Binciken Pierre Azoulay da abokansa a kan kamfanonin Amurka ya nuna matsakaicin shekarun waɗanda suka kafa kamfanoni mafi saurin bunƙasa 45 ne, kuma sanin fagen tun kafin a fara yana ƙara damar nasara sosai.

Sai dai riƙe aiki biyu yana da haƙƙi. Ka karanta takardar ɗaukarka aiki, don wasu wuraren sun hana ko sun sa sharaɗi. Kada ka yi sana'arka a lokacin mai gidanka ko da kayansa, kada kuma ka janye masa abokan ciniki. Amana ce, kuma sunan da ka bari a wurin aiki zai biyo ka kasuwa.

To yaushe za a ajiye aikin? A ganina sai abubuwa huɗu sun haɗu. Sana'ar ta kawo maka aƙalla kashi 60 zuwa 70 na albashinka, bayan an cire duk kuɗin da aka kashe, wata 6 a jere, har da watannin da kasuwa ke ja baya. Rabin ayyukanka ko kusan haka suna zuwa daga waɗanda suka dawo ko aka turo. Babu abokin ciniki guda da ke kawo fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarka, domin in ya tafi ya tafi da kai. Sannan kana da ajiyar da za ta ɗauki gidanka wata 6 zuwa 12, wadda ba ta cikin jarin sana'a. Alama mafi ƙarfi ita ce ka fara mayar da aiki mai kyau saboda rashin lokaci. In kana da iyali, ka zauna da su da waɗannan lambobin tun kafin ka yanke shawara, don su ma za su ɗauki nauyin watannin ƙunci.

Wajen zuba jari, ka fara da tambayar nawa za ka iya rasawa ba tare da gidanka ya girgiza ba. Masaniyar harkokin kasuwanci Saras Sarasvathy, da ta nazarci yadda gogaggun masu kafa kamfanoni ke tunani, ta lura cewa da yawansu daga nan suke farawa, ba daga hasashen ribar da za a samu ba. Wannan adadin shi ne iyakarka. Tarkon masu son sana'a shi ne kayan aiki: sabuwar kyamara, gilashi na uku, shago mai ƙyalli, duk kafin a samu mai biya. Sayen kaya yana ba mutum jin kamar yana ci gaba, alhali kuɗin wata kawai yake ƙara wa kansa. Abin da ba ka buƙata kowane mako, ka ɗauko haya ka sa kuɗin a farashin aikin. Bashi kuwa, kada ka ci shi don gwada ko kasuwa za ta karɓe ka. Ana cin sa ne, in ma za a ci, don cika aikin da aka riga aka ba ka, kuma ka san daga inda za a biya.

Akwai kuma ranar da kasuwa za ta ce maka ba wannan take so ba, wancan take so. Yvon Chouinard mahayin duwatsu ne da ya fara ƙera ƙusoshin ƙarfe na hawa da hannunsa a 1957. Su ne ƙashin bayan cinikinsa, amma da ya ga suna farfasa duwatsun da yake ƙauna, a 1972 ya karkata ga wasu maƙalai na alminiyom da ba sa ɓata dutse, a 1973 kuma ya kafa kamfanin Patagonia, wanda aka fi sani da tufafi. Abin da ya riƙe shi ne fagen da mutanensa, hajar kuwa ya sauya ta. Kai ma kana iya shiga da niyyar hoton fuska, ka tarar kuɗin yana wajen hoton haja, ko gajeren bidiyo, ko koyar da masu shaguna yadda za su ɗauka da wayarsu. In mutane uku da ba su san juna ba suka nemi abu ɗaya da ba ka sayarwa, ka sa masa farashi ka gwada.

Ranar da ka ajiye aiki, ka rubuta wa kanka wa'adi da iyaka, ka ba wani mai gaskiya da ba ya jin nauyinka kwafi: in wata 12 suka cika sana'ar ba ta biyan kuɗinta da albashina, ko in ajiyar gida ta sauka zuwa ta wata 3, zan tsaya in sauya tsari ko in koma neman aiki. Ana rubuta wannan ne tun hankali na kwance, domin a tsakiyar asara kowane wata zai yi maka kama da na ƙarshen wahala. Duk ƙarshen wata ku zauna da mutumin nan ku duba lambobi huɗu: kuɗin da ke asusu, bashin da kake bi da kwanakin da ya yi, yawan ayyukan da aka biya, da awannin da kowanne ya ci. In awannin suna hawa farashi yana tsaye, ka fara miƙa tacewar farko ga wani kana biyansa kan kowane aiki, kafin ka yi tunanin ɗaukar ma'aikaci na wata-wata.